RA'AYINMU: Kocin Jami'a da Kiran Manyan Kulob

Akwai wata tambaya da takan taso duk sa'ad da wata jami'a ta yi dace da gwanin mai koyar da ƙwallon kwando, watau koci, har sunansa ya soma fita. Idan wani babban kulob na ƙwararru ya yi masa tayin aiki, ya kamata ya karɓa ya tafi, ko kuwa ya zauna tare da ɗalibansa? Waɗansu za su ce wannan magana ba ta isa ta cinye shafin sharhi ba, alhali ga matsalar ruwa da ta wuta da ta kuɗin rajista. Mu dai muna ganin ta isa, domin irin wannan tambaya ce ke jiran kowane ɗayanmu ran da ya karɓi takardar digiri, kuma ita ce ke hana ƙaramin ma'aikacin gwamnati barci idan wani kamfani ya yi masa tayin albashin da ya ninka nasa.

Mu da ke karatu a Wudil maganar ta fi shafarmu, saboda tsakaninmu da birnin Kano kimanin kilomita 40 ne kawai, kuma a can ne Kano Pillars take, wadda tana cikin kulob-kulob mafiya tarihi a ƙwallon kwandon ƙasar nan. Ta ci kofin Nijeriya sau da dama, har da na 2016 da na 2017, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun kulob na Afirka da aka yi a Alƙahira a 2016. Duk kocin da ya nuna bajinta a wannan yanki, lalle wata rana za a kira shi zauren wasa na Ƙofar Mata, ko a kira shi Gombe, ko Ilorin, ko Fatakwal. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, gara mu tattauna maganar tun kiran bai zo ba.

Bari mu fara da Amurka, inda aka ƙirƙiro wasan a 1891, inda kuma aka fi daɗewa ana wannan gardama. A 1996 Rick Pitino ya ci kofin jami'o'in ƙasar da Jami'ar Kentucky. A 1997 ya koma kulob ɗin Boston Celtics na gasar NBA, ya ci wasa 102, aka cinye shi 146, ya ajiye aikin a watan Janairu na 2001, ya sake komawa jami'a. John Calipari ya bar Jami'ar Massachusetts a 1996 ya kama aiki da New Jersey Nets, aka sallame shi a 1999 bayan da ya ci wasa 3 kacal cikin 20 na farkon kakar wasa; da ya koma jami'a kuwa sai ga shi ya ci kofi da Kentucky a 2012. John Beilein, dattijon da ya yi suna a Jami'ar Michigan, ya tafi Cleveland a 2019, bai ko cika shekara guda ba ya sauka. Duk da haka akwai waɗanda tafiyar ta karɓa. Larry Brown ya ci kofin jami'o'i da Kansas a 1988, ya kuma ci na NBA da Detroit a 2004, kuma har yau shi kaɗai ne ya haɗa kofunan nan biyu. Brad Stevens ma ya bar ƙaramar Jami'ar Butler a 2013 ya tafi Boston, ya yi shekara takwas yana koci, daga bisani aka ɗaga shi ya zama shugaban harkar wasa na kulob ɗin.

Me ya sa gwanaye irin waɗannan suke faɗuwa? Dalili shi ne aikin biyu ne, ko da yake ƙwallon ɗaya ce. Kocin jami'a malami ne. Yaro yakan zo masa ɗanye, ya koya masa tsayuwa da riƙon ƙwallo da jifa, ya tsawata masa, ya bi sawun karatunsa, ya sallame shi bayan 'yan shekaru ya karɓi wani. A kulob ɗin ƙwararru kuwa 'yan wasan sun riga sun gama koyo, waɗansunsu ma sun fi kocin albashi nesa ba kusa ba, kuma idan aka sami saɓani tsakanin koci da tauraron ɗan wasa, galibi kocin ne ke kwashe kayansa. Bugu da ƙari a NBA wasa 82 ake yi a kaka guda kafin a shiga zagayen fitar da gwani, a jami'a kuwa talatin da 'yan kai ne, saboda haka lokacin atisaye, wanda shi ne makamin malami, ya ƙaranta ƙwarai. Wanda ƙarfinsa duka yana wajen tarbiyya, idan ya je inda ba a bukatar tarbiyya, ya bar makaminsa a gida ke nan.

Akwai kuma waɗanda aka kira suka ƙi. Mike Krzyzewski ya zauna a Jami'ar Duke daga 1980 har 2022, ya ci kofi biyar, kuma a 2004 ya ƙi tayin Los Angeles Lakers. A watan Yuni na 2024 Dan Hurley na Jami'ar Connecticut, wanda ya ci kofi a 2023 da 2024, shi ma ya ƙi tayin wannan kulob, wanda jaridu suka ce ya kai dala miliyan 70 a shekara shida. To, amma a nan sai mu yi hattara, kada mu ɗauko awon wata kasuwa mu auna hatsinmu da shi. Manyan kociyoyin jami'o'in Amurka miliyoyin daloli suke karɓa a shekara, don haka wanda ya ƙi Lakers ba da yunwa zai kwana ba. Kocin jami'a a Nijeriya ma'aikaci ne mai matakin albashi kamar sauran ma'aikata, yana da iyali, yana da kuɗin makarantar yara. Ba adalci ba ne a ce masa ya yi koyi da Krzyzewski.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Zariya. Oliver B. Johnson, Ba'amurken da 'yan wasa ke kira OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da ƙwallon kwando a filin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ɗalibai da yaran gari duka suna zuwa wurinsa. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. Ujiri ya zama babban manajan Denver Nuggets a 2010, aka zaɓe shi gwarzon shugabannin kulob na NBA a 2013, kana a 2019 kulob ɗin Toronto Raptors na Kanada ya ci kofin NBA a ƙarƙashin shugabancinsa. Tun 2003 ya kafa Giants of Africa, wadda ke shirya wa yara sansanin horo tana kuma gina filaye a ƙasashen Afirka. Da malamin nan na Samaru ya riƙa tsalle daga wannan kulob zuwa wancan, wa yaron zai tarar a fili ran da ya fara zuwa? Zaman mutum ɗaya a wuri ɗaya shi ya mai da Zariya garin ƙwallon kwando, kuma wannan riba ce da ba ta fitowa a allon ƙidayar maki.

Sai mu duba inda ake kiran kocin namu ya tafi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yawancin manyan kulob na ƙasar nan, kamar su Kano Pillars da Gombe Bulls da Kwara Falcons da Rivers Hoopers, na gwamnatocin jihohi ne, watau abincinsu yana cikin kasafin kuɗin jiha, kuma idan gwamnati ta sauya, shugabannin kulob sukan sauya tare da ita. Ita kanta hukumar wasan ta ƙasa ta sha rikici. A watan Yuni na 2017 an yi zaɓen shugabanninta har biyu, ɗaya a Kano wanda ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja wanda ya ba Musa Kida, kuma wannan rabuwa ta gurgunta gasar cikin gida shekara da shekaru. A watan Mayu na 2022 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye Nijeriya daga wasannin duniya har shekara biyu. An soke hukuncin a watan Yuni, amma kafin nan 'yan matanmu sun riga sun rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya ta Ostareliya, aka ba Mali. Kocin da ya ajiye aiki mai fansho ya shiga irin wannan ruwa, ya kamata ya san zurfinsa tukuna.

Amma kada mu yabi namu gida fiye da kima. Wasannin jami'o'in Nijeriya, watau NUGA, waɗanda aka fara a Badun a 1966, an shirya su ne a riƙa yi duk shekara biyu, sai ga shi bayan na Makurɗi a 2017 ba a sake yi ba sai a Ikko a 2022. Ɗalibin da ya shiga jami'a a tsakanin nan yana iya gamawa bai taɓa sa rigar jami'arsa a gasar ƙasa ba. A 2022 ɗin nan kuma yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, filayen wasa na jami'o'i da yawa suka zama kufai. Gwanin da ba ya samun abokan karawa, hannunsa mutuwa yake yi. A ɗaya gefen kuma, tun 2021 aka buɗe gasar BAL ta manyan kulob na Afirka a Kigali, kuma Rivers Hoopers ta zo ta uku a 2024. Kocin da ke son ya gwada kansa da gwanayen Masar da Angola da Tunisiya, ta ƙofar kulob kaɗai zai isa can. Wa zai ga laifinsa?

Ga kuma Rena Wakama, 'yar asalin Jihar Ribas da aka haifa a Amurka. Tana mataimakiyar koci a jami'a aka ba ta ƙungiyar mata ta Nijeriya a 2023, ta ci kofin Afirka a shekarar. A wasannin Olimfik na Faris a 2024 ta kai su zagayen 'yan takwas, abin da wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa yi ba. A 2025 ta koma kulob ɗin ƙwararru na Chicago Sky a matsayin mataimakiya, ta kuma sake cin kofin Afirka a Abijan. Abin lura a nan shi ne hawa-hawa ta bi, ba ta raina kujerar mataimaki ba.

To, ga ra'ayinmu. Kocin jami'a yana da 'yancin ya tafi, kuma duk wanda ya tafi kada a kira shi maci amana, domin mu ma da muke tafa masa, da mun sami inda ya fi, tafiya za mu yi. Amma muna ba shi shawara kada ya yi murabus rana ɗaya. Ya fara tambayar kansa ko shi mai raino ne ko mai dabarun cin wasa. Idan mai raino ne, jami'a ce gonarsa, kuma abin da zai bari a nan ya fi abin da zai samo a can. Idan kuwa dabarun cin wasa ne baiwarsa, to ya tafi, amma da kwantiragi a rubuce, mai ƙayyade shekaru da albashi da abin da za a biya shi in an sallame shi kafin wa'adi, kuma kada ya fita a tsakiyar zangon karatu ya bar yara babu makiyayi.

Babban nauyin dai yana wuyan hukumomin jami'o'i. Dokokin aikin gwamnati sun san aron ma'aikaci, sun kuma san hutu ba albashi, kuma malaman aji suna da hutun shekara guda na ƙaro sani a wata jami'a. Me zai hana a yi wa koci haka? A ba da shi aro ga kulob shekara biyu, kujerarsa tana jiransa, ya dawo da sabon ilmi da sanayya da manyan harkar, waɗanda za su amfani ɗalibai. Sharaɗi ɗaya kawai za a gindaya: kada ya tafi sai ya horar da mataimakin da zai riƙe filin a bayansa. Jami'ar da ta jingina wasanta duka a kan mutum ɗaya, ita ta jawo wa kanta kuka ran da ya tashi.

Muna kuma roƙon a buɗe filin jami'a ga yaran makarantun da ke kewaye da mu, kamar yadda aka yi a Samaru. A Indabo da Darki da Utai da Lajawa akwai dogayen samari masu ƙarfi da ba su taɓa riƙa ƙwallon kwando ba, don kawai babu wanda ya nuna musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kocin da ya ga yara talatin suna jiransa kowace Asabar da safe zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗaure kayansa.

Mu ɗalibai ma da namu. Filin wasa yakan cika ranar gasa, ranar atisaye kuwa sai 'yan wasa da kocinsu kaɗai. Muna kira ga Daraktan Wasanni na Ƙungiyar Ɗalibai da ya kai wannan magana gaban majalisar ɗalibai a zamanta na gaba, a rubuta wa hukuma takarda a kan tsarin aron koci da horar da mataimaki, a kuma bayyana wa ɗalibai yadda ake kashe kuɗin wasanni da suke biya kowace shekara. Allah ya sa masu iko su ji, mu kuma ya ba mu ikon yin namu, amin.