Ra'ayinmu: Tsohuwar Motar Gawa Ba Abin Kunya Ba Ce

'Yan'uwa cikin Almasihu, yawancinmu mun san tsohuwar motar gawa: doguwar Peugeot 504, Fijon nan da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ko kuwa Volvo mai jiniya, an cire kujerun baya domin akwati ya shiga. Irin waɗannan motoci ne suka kai iyayenmu makwancinsu, wasu a nan Kano, wasu har ƙauyukanmu. Amma yau muna ganin iyalai suna ƙin su. Wasu tsoronsu suke ji, wasu kuwa sun ce ba su dace da darajar mamaci ba.

Ina muka samo wannan? Daga kallo muka samo shi. Finafinan Turawa sun daɗe suna haɗa motar gawa da fatalwa. A fim ɗin Ghostbusters na 1984, masu farautar fatalwa suna yawo ne a Cadillac ƙirar 1959, irin wadda aka ƙera don ɗaukar marasa lafiya da gawa. Finafinan Kudu kuma sun koya mana cewa jana'iza wurin nuna arziki ce: mota mai walƙiya, akwati mai tsada, jerin gwano. A 2020 bidiyon masu rawa da akwatin gawa na ƙasar Gana ya zagaya duniya, yaranmu ma suka riƙa kwaikwayo.

Wa yake biyan kuɗin wannan burga? Gwauruwa da marayu. Gawa takan yi makonni a mutuware ana jiran a tara kuɗin hayar mota ta zamani, kullum kuɗin ajiya na ƙaruwa. Bayan an watse, bashi ya rage wa mai takaba, kuɗin makarantar yara kuma ya gagara.

Mu dubi maƙwabtanmu na cikin ganuwa. Suna sa mamaci a likkafani, su ɗora a makara, su ɗauka zuwa maƙabarta irin ta Dandolo da ke Goron Dutse, attajiri da talaka duk ɗaya. Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya rasu ranar 6 ga Yuni 2014, a ranar aka binne shi a Gidan Nasarawa. Bangaskiyarmu dabam ce, amma sauƙin nan ba baƙonmu ba ne. Ɗan gwauruwar nan ta Nayin a makara aka ɗauko shi, Ubangijinmu kuma bai ƙyamaci taɓa ta ba. Shi kansa da likkafani Yusufu mutumin Arimatiya ya naɗe shi.

Saboda haka muna roƙon majalisun dattawa abu uku. Ikkilisiyoyin da ke kusa da juna su haɗa hannu su riƙe mota ɗaya, ko da tsohuwa ce, a gyara birki da taya, a riƙa wanke ta. A buɗe asusun jana'iza domin mai da sallamar direba, kada a ɗora wa masu makoki. Fastoci da shugabannin zumuntar mata kuma su tsaya wa gwauruwa idan dangi suka matsa mata da kashe kuɗin da ba ta da shi.

Mota ba ta ƙara wa mamaci daraja, ba ta kuma rage masa. Abin da za a tambaye mu shi ne yadda muka riƙe waɗanda ya bari. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.