Injin Ya Buga? Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne wasu abubuwa biyu da na gani da idona a nan Navrongo. Na farko wani maƙwabcina ne, Alhaji mai fataucin albasa da hatsi, wanda tsohuwar babbar motarsa ta fara wata ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, ta turnuƙe da hayaƙi, sannan ta mutu da kaya a kanta tsakanin Navrongo da Bolga. Makaniken da aka fara kira ya kasa kunne na ɗan lokaci, ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, inji ya buga, sai Kumasi." Har Alhaji ya sa bijimansa biyu a kasuwa, sai wani dattijon makanike ya ce a ba shi yini guda ya duba. Da ya buɗe, ashe ruwa da laka ne suka taru a tankin mai, suka lalata nozul biyu, nozul mai ɗiga kuwa yakan sa inji ƙara irin ta wanda ya buga. Kuɗin gyaran bai kai na ɗan maraƙi ba.

Na biyu wata Hajiya ce mai injin niƙa a bakin kasuwa. Sau uku a shekara guda ana canza wa injinta ringi, kowane karo ya yi 'yan makonni ya koma shan baƙin mai. Sai a karo na huɗu aka auna, aka tarar silinda ta cinye ta yi faɗi, jikin injin kuma ya tsage. Abin da ta kashe a faci ya kusa sayen wani injin, ban da ranakun kasuwa da ta rasa, alhali kasuwar Navrongo duk kwana uku take ci, kuma mai niƙa ba ya jiran wanda injinsa ke kwance.

Alhaji ya kusa binne mai rai, Hajiya kuwa ta yi ta jinyar gawa, amma cutarsu ɗaya ce, wato yanke hukunci kafin a auna. Abin mamaki, ɗan kasuwar da ba zai sayi buhun masara ba sai ya soka ya ga ƙwayar, ba zai sayi sa ba sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, shi ne zai miƙa jarinsa kacokan saboda kalma ɗaya da aka faɗa masa a gefen titi.

Injin dizal ba shi da fulogi irin na fetur. Abu uku yake buƙata: iska mai tsabta, mai da aka fesa a kan lokaci, da matsin da zai zafafa iskar har man ya kama da kansa. Don haka duk lokacin da ya ƙi tashi, a fara da mai araha. A duba tanki ko akwai ruwa, a duba filtar mai, a fitar da iskar da ta shiga bututu, a duba filtar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa, a kuma gwada juya injin da hannu a ji ko ya cije.

Shi kansa hayaƙi labari yake bayarwa. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sau da yawa laifin filta ne ko nozul ko famfon mai. Shuɗin hayaƙi na nufin injin yana ƙona baƙin mai, a nan ake zargin ringi da silinda. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi kuwa, ko dai man da bai ƙone ba ne, ko ruwa ne yake shiga silinda. Idan ka zaro ma'aunin baƙin mai ka ga ya koma kalar shayi da madara, ko ka ga lagireto yana kumfa, to gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage. Idan ka buɗe murfin zuba baƙin mai inji na aiki ka ga yana huci kamar tukunya, matsi na zurarewa ta gefen fistin. A tsiyaye baƙin man a kwano mai tsabta, a yanka filtarsa a duba, in aka ga garin ƙarfe yana ƙyalli, metal ya fara ci.

Duk waɗannan alamu ne kawai. Hukunci sai da ma'auni: na auna matsin kowace silinda, na auna ƙarfin baƙin mai, na gwada feshin nozul, da na auna kaurin kiranshaf. Saboda haka shawarata ta farko ita ce, a biya makanike kuɗin dubawa daban, tun kafin a yi maganar gyara. Mu ne muke cutar kanmu da muka ɗauki dubawa a matsayin kyauta. Mutumin da ya san ba zai ci abinci ba sai in an sauke inji, me kake zaton zai ce maka? Ka biya shi ladan yininsa, ka tsaya a wurin, ya nuna maka abin da ya lalace ka riƙe a hannunka, domin gani ya kori ji.

To bayan an auna, yaushe ne ya dace a sake gina injin? A ganina tambayoyi huɗu ne.

Ta farko, jikin injin da kiranshaf suna da rai? Kiranshaf ana iya goge shi a sa masa metal mai kauri, amma mataki-mataki ne, galibi 0.25 na milimita kowane karo, kuma matakan 'yan kaɗan ne. Wanda aka riga aka kai shi matakin ƙarshe, ko ya tsage, ya gama aiki. Haka nan injin da ake iya zare hannun rigar silindarsa a sa sabo ya fi sauƙin farfaɗowa. Amma jikin da sandar fistin ta fasa, ko tsagewar ta kai mazaunin metal, walda ba za ta mayar da shi amintacce ba.

Ta biyu, me ya kashe shi? Wannan ita ce tambayar da aka fi tsallakewa. In zafi ne ya kashe shi, ba a wanke lagireto an duba famfon ruwa ba, sabon aikin ma zai bi sahu. In ƙarancin baƙin mai ne, dole a duba famfonsa a wanke hanyoyinsa. Kada kuma mu manta da irin man da waɗannan tsofaffin injuna suka sha. Kafin watan Yuli na 2017 dokar Ghana ta yarda da dizal mai sinadarin sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan, sai bayan rahoton da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar a 2016 aka rage zuwa 50. Sulfa kan zama tsami a cikin baƙin mai ya riƙa cin ƙarfe a hankali. Ga kuma man jarka na gefen hanya da ba mu san abin da aka gauraya masa ba.

Ta uku, akwai kayan gyara na kirki? A nan tsoho yakan yi wa sabo fintinkau. Injin Lister mai silinda ɗaya, wanda aka fara ƙerawa a Dursley ta Ingila a 1929 aka daina a 1987, har yau ana ƙera irinsa da kayansa a Rajkot ta Indiya, kuma a hankali yake juyawa, kusan sau 650 a minti, shi ya sa yake daɗewa. Tsofaffin manyan motoci masu famfon mai na ƙarfe zalla ma ana samun kayansu da masu goge kiranshaf a Suame Magazine ta Kumasi, ga kuma kasuwar Abossey Okai a Accra. Sabbin injuna masu kwamfuta ba sa shan mai sosai, amma ba sa haƙuri da gurɓataccen mai, kuma in sun tsaya a dajin Salaga sai an nemo mai na'ura. Da tsohuwar zuma ake magani, matuƙar zumar ba ta lalace ba.

Ta huɗu, lissafi. A rubuta komai a takarda: kaya, ladan aiki, kuɗin kai ƙarfe Tamale ko Kumasi da dawo da shi, sannan a haɗa da cinikin da za a rasa a kwanakin da inji zai yi a kwance. Motar da ta kwanta lokacin doyar Yendi da Salaga, ko lokacin albasar Bawku, asararta ta fi ta wadda ta kwanta lokacin da kasuwa ta yi sanyi. A nemi farashin ranar, domin kayan gyara daga waje suke zuwa, kuma mun ga yadda Sidi ya faɗi warwas a 2022, ya kuma farfaɗo a 2025. In jimillar ta kusa kuɗin injin gwanjo mai lafiya, to sai a duba gwanjon.

Na san wasu za su ce ai gwanjon ya fi sauri, a ɗora yau a kama hanya gobe. Gaskiya ne, kuma wani lokaci shi ne mafita. Sai dai injin da aka wanke aka shafa wa fenti, ba ka san tafiyar da ya yi ba. Kada ka biya sai an tayar da shi a gabanka da sanyinsa, an auna matsinsa, an kuma rubuta maka kwanakin da za ka iya mayarwa.

Abin da nake roƙo a guje masa shi ne rabin gyara, wato sabon ringi a cinyayyiyar silinda, ko sabon metal a kan kiranshaf mai zane. Araha ba ta ado. In za a gina, a gina gaba ɗaya, a ɗaure kusoshi da ma'auni, a bi sabon aikin a hankali ba tare da lodi mai nauyi ba, a kuma canza baƙin mai da wuri. In ba za a iya ba, a sayar wa masu kayan gyara tun yana da sauran daraja.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa da na direbobi, yadda muke adashi, mu haɗa kuɗi mu sayi waɗannan ma'aunai mu damƙa wa makanikai amintattu a kowane gari. Kuɗinsu bai kai na bijimin da Alhaji ya kusa sayarwa ba.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka, amin. Sai mun sake saduwa in Allah Ya kai mu.