Wasan da Ba Ya Mantuwa

A wasan Star Wars: Armada, wanda kamfanin Fantasy Flight Games na Amurka ya fitar a 2015, ana jera ƙananan jiragen yaƙin sararin samaniya na roba a kan tebur, a auna tazara, a jefa 'ya'yan lido masu fuska takwas. Idan karo ɗaya ne, kowa jarumi ne: ka tura babban jirginka cikin wuta, gobe ka ciro shi daga akwati lafiya ƙalau.

Tsarin The Corellian Conflict ya kashe wannan jarumta mai arha. Abokai shida kan rabu gida biyu, su yi makonni suna fafatawa a kan taswira ɗaya. Jirgin da aka tarwatsa zai dawo da tabo. In aka sake tarwatsa shi kafin gyara, ya tafi ke nan. A ganina, nan ne wasan ya zama na manya. Dole ka koyi janyewa da wuri, ka kuma iya haɗa ido da abokan tafiyarka bayan ka salwantar da abin da kuka daɗe kuna tattali.

An daina sabunta wasan a 2024, amma ba wannan ke wargaza irin wannan zama ba. Abin da ke wargaza shi mutum ɗaya ne da aiki ya riƙe Asabar biyu a jere.