Manhajojin Lissafin Abinci: Sun San Tuwo da Miyar Kuka Kuwa?

A 'yan shekarun nan, da wuya mako ya wuce ba tare da wani ya miƙo mini wayarsa a ɗakin duba marasa lafiya ba, yana nuna mini lissafin abin da ya ci. Yawancinsu masu son rage ƙiba ne, ko masu ciwon sukari da hawan jini, ko matasa masu zuwa gidan motsa jiki. Manhajoji irin su MyFitnessPal da Cronometer da Lose It! sun shigo hannun mutanenmu, kuma yanzu wasu ma hoton kwanon abinci kawai za ka ɗauka, ƙirƙirarriyar basira ta faɗa maka kalori nawa ke ciki. Abin da ya kamata mu duba shi ne yadda wannan lissafi yake da inganci a kan abincinmu, da kuma wanda zai iya cutarwa.

Yadda suke aiki

Kalori ma'auni ne na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Giram ɗaya na abinci mai sitaci ko furotin yana ba da kalori 4, giram ɗaya na mai ko kitse kuma yana ba da 9. Manhajar tana tambayar shekarunka da tsawonka da nauyinka, ta ƙiyasta abin da jikinka ke buƙata a rana, sannan ta riƙa cire duk abin da ka rubuta ka ci. Alkaluman kuwa daga rumbun bayanan abinci take ɗauko su. A nan matsalarmu take farawa.

Inda lissafin ke kucce mata

An gina waɗannan manhajoji ne a kan abincin Amurka da Turai, inda yawancin abin da ake saya yana cikin leda ko gwangwani da bayanin sinadaransa a jiki. Tuwon masara, ɗanwake, fura da nono, waina da miyar taushe ba su da irin wannan takarda. Idan ka same su a manhaja, sau da yawa wani mai amfani da ita ne ya shigar da su da ƙiyasinsa, shi ya sa za ka ga abinci ɗaya da alkaluma uku ko huɗu da suka sha bamban. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, amma jadawali ba zai san yawan man da aka zuba a tukunyar gidanku ba.

Man nan shi ne babban abin da ke ɓuya. Babban cokali ɗaya na man ja ko man gyaɗa yana ɗauke da kalori kusan 120. Miyar da aka zuba wa ludayi guda da wadda aka zuba wa cokali biyu, a hoto duk ɗaya suke. Haka gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa, babu kyamarar da ke ganinsu, alhali su ne abin da mai hawan jini ya fi buƙatar sa wa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

Sai batun awo. Malmalar tuwo ba ta da girma ɗaya, kuma a gidaje da yawa a tire ɗaya ake ci. Akwai kuma kuskuren da nake yawan gani: mutum ya zaɓi ɗanyar shinkafa a maimakon dafaffiya. Giram 100 na ɗanya ya kai kalori 360, na dafaffiya kuwa bai wuce 130 ba sosai.

Mu kanmu ma muna rage lissafi ba da gangan ba. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta New England a 1992 ya gano cewa wasu masu ƙiba da ke kukan ramewa ta gagare su suna cin kusan ninki biyu na abin da suke rubutawa. Ƙosan da aka ɗauka a tsaye da lemon kwalban gidan biki su ne ake mantawa.

Agogon hannu mai lissafin motsa jiki shi ma yana da nasa. A 2017, masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai. Sun iya auna bugun zuciya da kyau, amma wajen kalorin da aka ƙona, wadda ta fi ƙoƙari ta kauce da kusan kashi 27 cikin ɗari. Don haka kada agogo ya ce ka ƙona kalori 500 ka ɗauka ka sami lasisin ƙarin faranti.

Su wa ya kamata su yi hattara?

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan irin su glibenclamide, idan ya rage abinci kwatsam don cika umarnin manhaja ba tare da an gyara masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Haɗarin ya fi yawa a lokacin azumi. Mai ciwon ƙoda kuma manhajar motsa jiki za ta iya ingiza shi ga yawan furotin, abin da zai ƙara wa ƙodar nauyi. Masu juna biyu da masu shayarwa da yara ba su da hurumin rage kalori sai da umarnin likita. Iyaye su lura: idan yarinya ko saurayi ya fara tsoron abinci, yana auna kowace loma, yana ramewa, a kai shi asibiti.

Akwai kuma batun sirri. A 2018 an yi wa MyFitnessPal kutse da ya shafi asusu kusan miliyan 150. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma kariya ta farko ita ce ka taƙaita abin da kake bai wa manhaja, kuma kada ka yi amfani da kalmar sirrin da kake buɗe asusun bankinka da ita.

Yadda za a amfana

Duk da haka ba na ce wa marasa lafiyata su goge manhajar. Amfaninta na gaske shi ne ta sa ka lura da abin da kake ci. Wanda ya rubuta abincinsa na mako biyu da gaskiya zai ga abin da bai taɓa lura da shi ba, misali cewa kwalbar lemo mai santilita 50 na iya ɗauke da sukari kusan giram 50, wanda shi ne iyakar da ake so babba ya tsaya a kai a yini guda.

Saboda haka ka rubuta komai a lokacin da ka ci, har da abin sha. Ka ware kwano ɗaya da ludayi ɗaya su zama ma'auninka. Ka tambayi mai girkin gida yawan mai da dunƙulen da aka sa. Idan ba ka da babbar waya, littafi da biro sun wadatar. Sannan ka auna ci gaba da abin da ba ya ƙarya: nauyi sau ɗaya a mako, faɗin ƙugu, awon jini da na sukari, da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako.

Idan za ka zo ganin likita ko masanin abinci, ka taho da wannan rubutu. Da shi za mu tsara maka abin da ya dace da cutarka da aljihunka da tukunyar gidanku. Allah Ya ƙara mana lafiya.