Babur mai lantarki ba kayan wasan Abuja ba ne, na Ƙanƙara ne

Duk lokacin da aka ambaci babur mai lantarki a zauren 'yan boko, amsa ɗaya ce ke fitowa, tare da murmushin wanda ya riga ya gama sani: ƙasar da ba wuta, wa zai caja babur? Idan kuma aka ce a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ake nufi, sai murmushin ya koma dariya. Mutanen da ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, in ji su, ba su da lokacin kayan ƙawa. Masu wannan dariya sun manta da abin da fetur ya zama a waɗannan garuruwa.

A ƙarshen watan Agustan 2021, watanni takwas bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar daƙile matsalar tsaro. Aka hana sayar da mai a jarka. Aka ƙayyade gidajen mai biyu kacal a kowace ƙaramar hukumar da abin ya shafa, kuma ba a sayar wa mutum na sama da naira 5,000. Aka hana goyon mutum uku a babur, aka hana hawansa daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. Manufar a bayyane take, a yanke wa 'yan daji man da suke zuba wa baburansu. Amma wanda ya yi layi a rana ba ɗan daji ba ne. Malamin firamare ne, da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, da magatakardan sakatariya, waɗanda duk zirga-zirgarsu ta yini ba ta wuce daga gida zuwa wurin aiki, da kasuwa, da masallaci. Kafin su farfaɗo, Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin 2024 ta ƙare.

Ga mutumin da ke cikin wannan hali, lissafin ba shi da wuya. Batirin ƙaramin babur mai lantarki yakan ɗauki abin da bai kai yunit biyu na wuta ba, ya yi tafiyar kilomita 40 zuwa 50 a hanya mai kyau, kusan abin da lita ɗaya ke yi wa babur na fetur. Ko da farashin rukunin Band A aka auna, wato naira 225 da aka sa wa yunit a Afrilun 2024, cika batirin bai kai rabin kuɗin litar ba. Babu baƙin mai, babu fulogi, babu kaburetan da gurɓataccen man 'yan bumburutu zai toshe.

Maganar rashin wuta gaskiya ce, kuma ba wanda ya shaida duhun da ya rufe Arewa kwana da kwanaki a Oktoban 2024 da zai dogara da wayar KEDCO. Sai dai yunit biyu ba wani abu ba ne a ƙasar da rana ke dukan kwano tun hantsi. Farantan sola biyu ko uku, irin waɗanda masu cajin waya da masu sayar da ruwan sanyi suka daɗe da kafawa, sun isa su cika batirin kafin la'asar. Tankar mai tana buƙatar hanya daga Funtuwa, hanyar kuma tana buƙatar tsaro. Rana ba ta bi ta shingen kowa.

Akwai abin da wannan babur ba zai yi ba, kuma dillalin da ya ɓoye shi macuci ne. Ba zai ɗauko buhun masara daga gonar Daudawa a cikin taɓon Agusta ba. Ba na ɗan acaɓa ba ne da ke yini a kan hanya, sai inda aka kafa tashoshin musayar batir kamar yadda Spiro ya yi a Kwatano da Lome, abin da ya fi ƙarfin jarin mutum ɗaya. Zafin watan Afrilu yana rage wa batir kwana, kuma sabon batir shi ne mafi tsada a jikin babur ɗin. Bakanikan da suka ƙware a kan Boxer da Jincheng sai sun koyi aikin waya da na'ura, in ba haka ba ƙaramar matsala ta ajiye shi a zaure.

To amma a duba waɗannan nakasu da idon jami'in tsaro. Babur da ba ya jure yashi da burji, ba ya ɗaukar ƙarti uku da makamai, ba ya nisa da inda ake caja shi, ba shi da wani amfani ga mai shiga dajin Rugu. Raunin nasa ne ya sa ya zama abin hawan da za a iya bar wa farar hula ko a ranar da aka taƙaita komai. Nan ne gwamnati ke da aiki, kuma ba sayo babura a raba wa magoya baya ba ne. Dokokin hana babur da jihohin Arewa maso Yamma ke fitarwa ba sa bambance mai ƙafa biyu da mai ƙafa biyu. A 2021 ɗin nan har shagunan cajin waya aka rufe a ƙananan hukumomin da ke bakin daji. In aka maimaita haka ba tare da tunani ba, malamin da ya tara albashin watanni ya sayi babur mai lantarki zai wayi gari da ƙarfen da ba ya motsi.

Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa tana iya rubuta wannan bambanci a doka tun yanzu: rajista ta dabam, lamba mai launi dabam, iyakar ƙarfin injin, da rumfar caji mai sola a harabar sakatariyar Ƙanƙara da ta Faskari da ta Sabuwa, inda akwai masu gadi dare da rana.