A Fara Koya Mana Kwamfuta Da Wasa

Tun daga shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Wannan ya sa iyaye da malamai suka tashi tsaye a kan lallai yaro ya san kwamfuta kafin ya bar sakandare. To, madalla. Amma wane irin sani? A makarantu da yawa darasin kwamfuta bai wuce a rubuta ma'anarta a allo ba, a lissafa sassanta, a haddace, ranar jarrabawa a amayar. Sai ka ga yaro ya ci maki tamanin, alhali kuwa bai taɓa ba na'urar umurni ko guda ta bi ba. Kamar dai a koya wa mutum sunayen kayan doki ne, sirdi da linzami da likkafa, amma ba a taɓa ɗora shi a kai ba.

Ni a ganina, abin da ya kamata a fara sa ɗan koyo ya yi shi ne ya rubuta ɗan ƙaramin wasa na rubutu zalla, watau wasan da babu hoto babu kiɗa, kwamfuta ta rubuto tambaya, mutum ya rubuta amsa.

Mu ɗauki wasan canki lambata. Kwamfuta za ta zaɓi lamba ɗaya tsakanin 1 da 100 ta ɓoye, kai kuma ka yi ta canka, tana ce maka ka yi sama ko ka yi ƙasa, har ka dace. Wasan yara ne, amma ku dubi abin da mai rubuta shi zai koya. Dole ya tanadi wurin ajiye lambar da aka ɓoye, da wani wurin na ajiye wadda aka canka, ya ba kowanne suna kamar yadda ake rubuta suna a jikin akwati. Sa'an nan ya gindaya sharaɗi: in abin da aka canka ya fi lambar, a faɗi kaza, in bai kai ba, a faɗi kaza. Daga nan sai ya ga wasan yana tsayawa bayan canka ɗaya tak, saboda haka ya nemi dabarar da za ta sa kwamfuta ta riƙa maimaita tambayar har sai an dace. Ajiya da sharaɗi da maimaici, su ne ginshiƙan kowace manhaja, har wadda ke cikin wayar babanka da wadda banki ke lissafin kuɗi da ita. Ga su duka a cikin layi goma sha biyar ko ƙasa da haka.

Akwai kuma wani abin sha'awa. Mai wayo ba zai wuce canka 7 ba. Zai fara da 50, kowace amsa ta zubar masa da rabin lambobin da suka rage: 50, 25, 12, 6, 3, 1. In an faɗaɗa wasan zuwa 1,000, canka 10 ta isa. In ma miliyan ɗaya ce, 20 ta wadatar. Yaron da ya gano wannan da kansa, don kawai yana son ya kada abokinsa, ya kama wata babbar dabara da masana kwamfuta ke neman abu da ita cikin jerin da aka tsara, kuma ba zai manta ba.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. A shekarar 1964 wasu malamai biyu na kwalejin Dartmouth a Amurka, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka ƙirƙiro harshen BASIC don ɗaliban da ba lissafi suke karantawa ba su ma su iya ba kwamfuta umurni. A 1973 David Ahl ya tattara wasanni 101 na wannan harshe a littafi guda. Yaran wancan zamani sukan kwafe wasan layi bayan layi da hannunsu, in sun yi kuskuren harafi ɗaya ya ƙi tashi, sai sun bi sun gano. Daga kwafa sai canzawa, daga canzawa sai ƙirƙira. Haka kuma a 1971 wasu malamai uku masu koyon koyarwa a birnin Minneapolis suka rubuta wasan The Oregon Trail don darasin tarihi. Ko allon kallo babu, a kan takarda na'urar ke bugo rubutun, amma ɗalibai suka riƙa yin layi don su samu su yi.

Na san abin da wasu iyayenmu za su ce: mun biya kuɗin makaranta ne don a yi karatu, ba wasa ba. Suna da hujja, domin sun ga yadda waya ke cinye daren yara. Amma, iyaye, da mai yin wasa da mai ƙera wasa ba ɗaya ba ne. Mai ƙerawa shi ke shan wahala. Kwamfuta ba ta da kara, ba ta cewa ai na gane abin da kake nufi. Ka ce a ba ta lamba, ƙaninka ya zo ya rubuta sunansa, nan take wasan ya tsaya cik. Sai ka zauna ka yi tunanin duk wata wauta da mutum zai iya yi, ka toshe ƙofarta. Ina aikin gida da ya kai wannan sa yaro natsuwa?

Wasu kuma za su ce ina na'urorin, ina wutar? Ai a nan ne wasan rubutu ya fi na hoto. Tsohuwar kwamfuta ma ta ishe shi, kuma harshen Python, wanda ya fito a 1991, kyauta ne, har a waya ana iya rubuta shi. Ranar da babu wuta, allo da alli sun isa. A rubuta umurnin a allo, ɗalibi ɗaya ya zama kwamfuta, ya bi abin da aka rubuta kaɗai ba tare da ya sa hankalinsa ba, sauran aji su canka. Duk inda umurnin ya gurgunce kowa zai gani, a yi dariya, a gyara.

In an ƙware a canki lambata, sai a matsa gaba. A cikin littafin Ahl akwai wasan Hamurabi, inda kake sarautar wani gari har shekara 10. Kana farawa da mutum 100 da gona eka 1,000, kowace shekara ka yanke nawa za ka ciyar, nawa za ka shuka, nawa za ka bari a rumbu, ga ɓeraye suna ci, ga annoba tana zuwa ba sallama. In yunwa ta kashe mutane da yawa a tuɓe ka. Me zai hana ɗan aji huɗu ya rubuta irinsa da Hausa, da gero da dawa da fari da farashin taki, ya kai gida babansa manomi ya gwada ya gaya masa inda lissafin bai yi daidai da gona ba? Roƙona ga malamanmu shi ne a ware darasi ɗaya cikin mako don wannan, a fara da zango mai zuwa, kuma a jarrabawar ƙarshen zango a ce kowa ya kawo wasan da ya rubuta, aji ya gwada.