Daga Fatoma Zuwa "Mebule": Wa Ke Lamunin Baƙon Garwa?



Duk wanda watan Janairun 2022 ya riske shi a Garwa ba zai manta da yadda garin ya cika ya batse ba. Gasar cin kofin nahiyar Afirka ce ta kawo mana Najeriya da Masar da Sudan da Gini-Bisau, kuma ranar 11 ga watan Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin wasa na Rumde Ajiya. Magoya baya suka yi ta kwararowa ta kan iyaka, masauki ya yi wuya, mai ɗaki ya share ɗakinsa ya sa katifa da fanka ya ba da haya ta kwana. Ranar 23 ga watan Tunisiya ta fitar da Najeriya a wannan filin dai, baƙi suka kama gabansu. Abin da bai tafi ba shi ne dabarar da masu gidaje suka gano, cewa ɗakin da aka ƙawata da gado da kujeru da na'urar sanyaya ɗaki yana iya kawo wa mai shi a cikin 'yan kwanaki abin da ɗan haya ke biya a wata guda.

Wannan shi ne abin da ake kira "mebule", kalmar da muka aro daga Faransanci, wato gida ko ɗaki mai cikakkun kaya da ake kamawa na kwana biyu, ko mako, ko wata. Masu nemansa suna da yawa: ma'aikacin da aka turo aiki daga Yawunde ko Duwala, jami'in ƙungiyar agaji da ke kan hanyar Marwa, mai hulɗa da kamfanin auduga na SODECOTON wanda hedikwatarsa ke nan garin, 'yan biki, masu jinya, da iyayen ɗaliban Jami'ar Garwa da aka ƙirƙira a 2022. Wasu dattawanmu na kallon harkar da ƙyama, suna ganin baƙuwar al'ada ce. Ni kuwa a ganina sana'ar kakanninmu ce ta dawo cikin sabuwar riga, sai dai ta baro wani abu a hanya, kuma abin da ta baro ɗin shi ne ginshiƙinta.

Mu waiwayi tarihi. Hausawan da suka biyo fatauci zuwa ƙasar Adamawa a ƙarni na 19, suna kawo tufafin Kano da kanwa, suna neman hauren giwa da goro, ba a otal suke sauka ba. Suna sauka ne wurin fatoma, wato mai gidan da ke karɓar fatake. Shi ke ba baƙo ɗaki da abinci, ya adana masa haja, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta wurin masu gari, idan an sayi kaya bashi ya tsaya lamuni. Ribarsa tana fitowa daga la'adar ciniki. Da wannan tsari ne zango ya kafu daga Salaga da Kumasi har zuwa Sabo ta Ibadan, inda masani Abner Cohen ya yi nazarinsa ya wallafa littafi a 1969. Nan gida ma, sunan unguwar Hausare kaɗai ya isa shaida cewa Garwa ta Lamido ta karɓi baƙi ta ba su wuri, kamar yadda Kollere ke tuna mana zuwan Barebari. Mu da ke magana yau jikokin waɗanda wani ya taɓa sauke wa kaya ne.

To me mebule ya baro? Ya baro mai gida. A da, baƙo yana da wanda ya san sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi, kuma idan ya yi ba daidai ba unguwa ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Yanzu ana gama ciniki ta WhatsApp, a tura kuɗi ta waya, yaro ya miƙa makulli, mai gidan kuwa wataƙila yana Duwala. Maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba su bai san wa ya kwana jiya ba, bai san wa zai kwana gobe ba. Galibin baƙin mutanen kirki ne, ba na shakka. Amma muna zaune ne a gari mai kusa da iyakar Najeriya da ta Cadi, a yankin da ya ɗanɗani garkuwa da mutane don neman fansa, kuma mu 'yan tsiraru ne. Idan abin kunya ko na laifi ya faru a gidan Bahaushe ɗaya, ba sunansa za a riƙa kira a bakin kasuwa ba, za a ce "Hausawa". Shi kansa baƙon yana cutuwa, domin idan aka yi masa sata ko rashin lafiya ta kama shi cikin dare, ba shi da wanda zai tsaya masa.

Abu na biyu ya fi wannan zafi, shi ne makomar ɗan haya. Mu ɗauki misali don sauƙin lissafi: a ce tela ko malamin makarantar allo yana biyan jaka 30 a wata, sai aka faɗa wa mai gida cewa idan ya gyara wurin zai samu jaka 15 a kowane dare. Kwana biyu sun biya wata, ai ba ya buƙatar wanda zai zuga shi. Sai a ba iyalin da suka shekara goma a unguwa wa'adi, su koma bayan gari, nesa da masallacinsu da makarantar 'ya'yansu da masu sayen kayansu. Wannan ba hasashe ba ne, an gan shi a manyan biranen duniya bayan bayyanar Airbnb a 2008. Birnin New York na Amurka ya tsaurara doka kan hayar gajeren zango a Satumban 2023, Barcelona ta ƙasar Sifen kuwa ta sanar a 2024 cewa zuwa ƙarshen 2028 za ta kawo ƙarshen lasisin irin waɗannan gidaje kusan 10,000, saboda 'yan gari sun rasa wurin zama. Garwa ba ta kai can ba, amma tun ran gini ake zane. Al'ummar da ba ta da yawa ƙarfinta yana cikin zama wuri guda. Ranar da gidajen unguwa suka koma ɗakunan kwana ɗaya, sahun asuba zai ragu, Hausar yara za ta raunana, jana'iza ma sai an yi cigiyar masu ɗauka.

Shi ma lissafin ribar yana son a sake duba shi, kuma kogin Binuwai ya riga ya koya mana darasi. An yi zamanin da jiragen ruwa ke haurowa daga Najeriya zuwa tashar Garwa a watannin ambaliya kaɗai, su sauke siminti da gishiri da mai, su kwashi auduga da gyaɗa, gari ya cika da baƙi da ciniki. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya katse hanyar, layin dogo ya iso Ngawundare a 1974, tashar ta yi sanyi har yau. Kasuwar baƙi haka take, tana da damina tana da rani. Ɗakin da babu kowa ciki ba ya kawo ko dala, amma albashin mai gadi da mai shara ba ya tsayawa. Idan an samu baƙo kuma, a zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, na'urar sanyi ba ta hutawa, kuɗin wuta na cin rabonsa. Ga hukuma: dokar yawon buɗe ido ta 2016 ta tanadi neman izini ga masu sana'ar masauki, akwai kuma haraji. Wanda ya sayar da rabon gadonsa, ko ya ci bashi don sayen kujeru, yana hangen kwana talatin cike, ya tambayi waɗanda suka riga shi kwana nawa suke samu a wata.

Ba ina cewa a guji sana'ar ba. Halal ce, kuma idan muka bar ta wasu za su yi ta a tsakiyar unguwanninmu ba da shawararmu ba. Bazawarar da ta gyara ɗaki biyu tana ciyar da marayu da shi ta yi abin yabo. Magidancin da ya zo jinya da iyalinsa yana son wurin da matarsa za ta dafa abinci cikin sutura, abin da otal ba ya ba shi. Roƙona shi ne mu yi ta irin yadda muka gada. Kowane mebule ya kasance da mai gida na zahiri, mutum da ke kusa, wanda zai ga baƙo ido da ido, ya rubuta sunansa da lambar katin shaidarsa, ya sanar da mai unguwa, ya kuma amsa kiran maƙwabci idan an yi ƙorafi. Mai son shiga harkar ya fara da sabon gini ko ɗakin da ba kowa, kada ya fara da korar mai iyali. Magada su zauna su daidaita kafin a taɓa gidan gado, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Sannan a bar ɗakin zaure a matsayinsa, domin matafiyin da guzuri ya yanke masa har yanzu yana da haƙƙin kwana uku da addini ya ba shi, kuma ba da lambar waya ake biyan wannan ba.

Ina kira ga limamanmu da masu unguwanni da shugabannin Hausawan Garwa da su sa wannan batu a zamansu na gaba, tun ana iya ƙirga gidajen, su fitar da ƙa'idar da mai gida da maƙwabci da ɗan haya za su amince da ita. Ku kuma masu karatu, musamman na Marwa da Ngawundare da Yola, ku faɗa mana yadda abin yake a unguwanninku.

Allah Ya albarkaci nemanmu, Ya kiyaye mana zumunci da maƙwabtaka. Amin.